Fararen Kayan Luba

Ranar wata Talata ce da la'asar, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, yayata Luba ta fasa randar Innarmu da ƙodagon goruba. Ina wurin, muciya a hannuna, don ni aka jefa, ni kuma na kauce. Dawowarta ke nan daga makaranta, ko kaya ba ta tuɓe ba, ta zaro kara uku daga dannin gidanmu ta kafa su kusa da bango, ta ɗauko muciyar tuwo ta danƙa mini, ta ce in tsaya gaban karan in tsare su yadda nake tsare kwanon abincina. Sai ta ja da baya har bakin zaure, ta sheƙo da gudu, ta wulwulo hannu ta sama, miƙe sak kamar taɓarya, ta saki ƙodagon. Ya daki ƙasa ya taso yana neman haƙarƙarina. Ni ba soja ba ne. Na yi tsalle gefe, ƙodago ya bi ta cikin karan ya sami randar da ke bayansu, ruwan da muka wuni muna ja daga rijiya ya malale tsakar gida, kaji suka watse, Inna ta fito daga madafa tana salati. Luba ko kallon randar ba ta yi ba. Karan take dubawa, ta ga sun kwanta, ta ɗaga yatsa sama tana dariya ta ce, "Na kashe ka, Sani. Sake tsayawa." Ba mu sake ba. Inna ta karɓe muciyarta ta yi mana aiki da ita, kuma ni na fi shan duka, don a hannuna aka same ta. Ranar na fara jin sunan wasan kurket.

Gidanmu yana Kaura Namoda, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda in jirgi ya yi kuka kwanonin Inna sai sun amsa. Baba awon hatsi yake yi a kasuwa, da damina kuma mu koma gona wajen Banga. Mu huɗu ne 'ya'yan gidan, amma ni da Luba ne manya, mu ke jan ruwa, mu ke kai wa awaki harawa, mu ke zuwa korar tsuntsu in gero ya fara nuna. Can hannun Luba ya samo asali. Ana ɗora mu bisa rumfa a tsakiyar gona tun da sanyin safiya, a ba mu fura a ƙwarya, a ce kada janbaki ya sauka. Ni majajjawa nake amfani da ita, ita kuwa ta ce majajjawa ta ragwaye ce. Da hannu take jifa, hoge ko dutse, kuma in ta ce zangarniyar can za ta sama, ita za ta sama. In mun sauko, magarya da kanya da ke hanya duk sun san ta. Yara maza su yi ta jifa suna kuskure, ta zo ta kaɗo sau ɗaya ta tsince ta wuce, ba ta ba kowa. Doguwa ce, ta ɗara sa'o'inta da kai guda, ga dogon hannu. Mata a unguwa suna cewa hannun ya yi wa mace yawa. Ban san abin da suke so a yi da ragowar ba.

A shekarun nan makarantun gwamnati cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan. Mu dai duk Indiyawa muke ce musu, ba mu san akwai bambanci ba sai da Luba ta shiga makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, ta dawo ta ce malamarsu ta kimiyya tana salla. Na ce ƙarya ne. Ta ce wallahi har azumi. Sunanta Malama Shahida, 'yar Pakistan, mijinta yana koyar da lissafi a makarantar maza. Mu yara mun ɓata lokaci mai yawa muna leƙen gidansu ta shingen waya, muna son mu san me suke ci da yake ƙamshi haka har kan titi, da dalilin da mijin yake shanya wanki da hannunsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shigarta. Mace ce babba, ga ta da wando, wando mai faɗi har idon sawu, da riga har gwiwa, da gyale da take yafawa a kai. Ba a ganin komai nata sai fuska da tafin hannu, amma tana iya tsallake kwata da gudu in ruwa ya taso, abin da Innarmu da zanenta ba ta iyawa sai ta tsaya ta tattare. Na daɗe ina tunanin wannan, ina yaro. Malama Shahida ce ta ɗauko sanda mai faɗi da jar ƙwallo daga akwatinta, ta kai 'yan mata bayan ajujuwa, ta ce za ta koya musu wasan ƙasarsu.

Sai an san yadda wasannin makaranta suke a lokacin kafin a gane abin da ta yi. Kayan wasa na 'yan mata guntun siket ne da bai rufe gwiwa ba, da riga mai guntun hannu. Wanda ya tsara su bai taɓa zama a Kaura ba, ko kuwa ba shi da ɗiya. 'Yan aji ɗaya sukan sa su yi ta tsalle, amma da yarinya ta fara girma sai ciwon ciki ya kama ta duk ranar wasa. Rabin aji a gindin darbejiya, kowa ta riƙe mara. Malamai sun sani, iyaye sun sani, ba wanda ya taɓa cewa a ƙara wa siket ɗin tsawo. Malama Shahida ba ta tambayi kowa ba, ta ce kowace yarinya ta zo da abin da za ta iya gudu a ciki, ko da wandon wanta ne a ƙarƙashin rigar makaranta. Nan take masu ciwon ciki suka warke. Luba ta ce wata rana suna hutawa Malama ta ba su labari, cewa a garinsu bisa soron gida take wasan da 'yan'uwanta maza, kuma ta fi su jifa, amma da ta girma su aka kai fili, ita aka ce ta sauko ta koyi murza gurasa. Ta ce ba ta taɓa ganin mace tana wasan a gaban jama'a ba, ko a hoto. Luba ta maimaita mana wannan a gida tana surfe, Inna ta ce, "Ashe ko'ina haka ta ke," ta ci gaba da tankaɗe.

Ni ne abokin gwajinta, ba don ina so ba da farko. Bayan abin da ya sami randa sai muka koma kangon bayan gida, wajen rumbuna. Muciya ta haramta, sai na samo guntun katako wurin kafinta na feƙe masa mariƙi. Kullum in an gama aikin gida kafin magariba, ita ta jefa ni in tsare. Ƙafafuna duk tabo, har yau akwai ɗaya a ƙaurina. Amma wasan ya shiga raina saboda ban gane shi ba. Me ya sa ba a lanƙwasa hannu in za a jefa? Me ya sa sai ƙwallo ta daki ƙasa? Wane irin wasa ne ake tsayawa a sha shayi a tsakiyarsa? Luba ta ce haka Malama ta ce, ana yi wuni guda, har a kwana a dawo. Na ce lallai mutanen can ba su da gona. Ranar da ta aro ƙwallon gaske ta zo da ita gida, muka zauna muna juya ta kamar ƙwan wani tsuntsu da ba mu sani ba. Ja ce, fata, da ɗinki a tsakiya irin na dukawa, ga nauyi. Na sansana ta, na ɗan cije ta don in ji me ke ciki. Luba ta nuna mini yadda take ɗora yatsu biyu a kan ɗinkin, in ƙwallon ta daki ƙasa sai ta canza hanya kamar an kira ta. Da ita ta kashe ni har na gaji na zauna.

Bayan an gama girbi sai labari ya zo cewa za a je Gusau. Wata malama 'yar Indiya a can ita ma ta koya wa ɗalibanta, su biyu suka shirya a kara, kuma wani jami'in wasanni zai zo daga Sakkwato ya zaɓi waɗanda suka fi, a tafi da su Kaduna. Luba ta daina cin abinci sosai. Kaduna, ga yarinyar da iyakarta Shinkafi gidan goggonmu. Ta faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baba, Baba ya ce a'a tun kafin a kai ƙarshen magana. Ya taɓa ganin 'yan makaranta suna fareti da guntun siket, ya ce ɗiyarsa ba ta tsayawa gaban maza da cinya a waje, ko da Makka za a kai ta. Kwana kaɗan sai ga Malama Shahida a ƙofar gidanmu, ita da mijinta, yaran unguwa duk a bayansu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ta gaishe da Baba da Hausarta ta kasuwa, ta miƙe tsaye ta nuna kanta daga sama har ƙasa ta ce, "Baba, wannan wasa, wando dogo, riga dogo, kai rufe. Kamar ni. Namiji ma wando dogo." Baba ya dubi mijin ya ce, "Maza ma sai sun ruhe ƙahwa?" Mijin ya gyaɗa kai. Baba ya ja gemu. Na san shi, abin ya ba shi sha'awa ne, wasan Turawa da ake sa sutura. Ya ce to, da sharaɗi biyu. Kada a ga ko ƙaurinta, kuma namiji daga gidan nan ya bi ta. Ya waiwaya ya ga ba wani namiji sai ni, ina leƙe ta bayan ƙyaure da majina. A rayuwata ranar ce kaɗai aka taɓa ba ni muƙami.

Malama ce ta ɗinka kayan da kanta, da keken hannu, bisa teburin cin abincinsu. Dokar wasan ta ce farare ake sawa, sai ta je kasuwa ta nemi farin yadi mai sauƙi da zai ishi 'yan mata duka, aka miƙo mata alawayyo, ta saya. Ita ba ta ga komai a ciki ba, mai shagon ma bai ce mata komai ba, shi dai ya yi ciniki. Ta auna kowace yarinya, ta yanka daidai jikinta don yadin ya kai. Ranar da Luba ta kawo nata, ta shiga ɗakin Inna ta sa, ta fito tsakar gida. Farar riga mai dogon hannu har gwiwa, farin wando har idon sawu, farin kallabi da aka yi masa igiya don kada ya zame in ana gudu. Wallahi ta yi kyau. Ta wulwula hannu ta nuna mana yadda hammatar ba ta riƙe ta, ta yi tsalle, ta tsuguna. Inna tana murmushi, Baba ya ce madalla, haka ake yi. Ba wanda ya lura da Kaka, mahaifiyar Baba, da ke zaune bakin ɗakinta tana kaɗi. Sai da mazarin ya faɗi ƙasa muka waiwaya. Ta kira Luba, ta kama bakin rigar ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci ta sansana. Ta ce, "Tuɓe. Ba a gwada wanga da rai."

Kaka ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Duk macen da ta rasu, daga jaririya har tsohuwa, ita ake aikowa a kira, ta ɗauki ƙwaryarta da sabulu ta fita ba ta ce wa kowa komai ba. Ita ke yanka likkafani, kuma da alawayyo ake yinsa. Ta san ƙamshin sabonsa yadda na san ƙamshin tuwon Inna. Riga, da abin rufe ƙasa, da kallabi, duk farare, duk daga yadi ɗaya, a jikin budurwa, ga tafiya a jirgi zuwa wani gari. Abin da idonta ya gani ke nan, kuma ta sha ganinsa kwance. Baba ya ce wa uwarsa, "Haba Inna, kayan wasa ne na makaranta." Luba ta yi dariya ta ce ai limamai ma fari suke sawa. Kaka ba ta yi gardama ba, ba ta iya gardama ba dama, ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Muka ɗauka magana ta wuce. Inna ta ninke kayan ta sa a ƙasan akwatinta don kada su yi datti kafin ranar. Abin da ba mu sani ba, washegari da Inna ta tafi suna, Kaka ta buɗe akwatin ta kwashe su a ƙarƙashin mayafi ta nufi marina. Ba ta yi musu rowa ba kuwa. Ta sa aka tsoma su a ruwan baba na rini aka sake tsomawa har suka yi duhu, aka kai mabuga aka buge su suna ƙyalli kamar rawanin mai sarauta. Ta dawo da su ta mayar inda ta ɗauka, ta rufe akwati.

Da safiyar tafiya Inna ta buɗe akwati ta yi tsaye. Luba ta leƙa, ta ɗago rigar, shuɗiya mai duhu tana walƙiya, shuni ya kama mata yatsu. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa. Kaka ta fito da butarta ta ce, "Yanzu kin zama mutum. Tahi Allah ya kiyaye hanya." Har ga Allah fuskarta fuskar wadda ta yi aikin alheri ce. Baba ya ce mu yi sauri kawai, don ba a yi wa uwa faɗa gaban jikoki, kuma jirgi ya riga ya yi kukan farko. Muka ruga tasha. 'Yan mata suna tsaye da ƙunshin fararen kayansu, Luba ta kwance nata ta nuna wa Malama. Malama ta dubi kayan, ta dubi Luba, aka yi mata bayani. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta rufe baki da gyale tana dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ta ce kakarta ma da haka za ta yi, su ma da fari suke binne mutum, ita ce ba ta yi tunani ba. Ta ce mu shiga, in an je can za ta yi magana, ai wasan yara ne, ba wanda zai hana yarinya don launin riga.

Wannan ce shigata jirgi ta farko, ni da na girma ina jin kukansa. Na manne a taga ina kallon karan dawa da garken shanu suna gudu da baya, ina tambayar kowa sunan kowane ƙauye, na manta ma an ce ni ne mai tsaron wata. Filin Gusau ya fi namu, an share shi an zuba farar ƙasa a layi, ga sandunan gaske guda uku masu sheƙi a kowane gefe, ba kara ba. 'Yan matan can suna da fararen siket da safa. Mutane sun taru, har da ma'aikatan jirgi da suka san Baba. Jami'in da ya zo daga Sakkwato dogon mutum ne mai farar hula mai baki, fari tun daga wuya har takalmi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da namu suka fito da dogayen wanduna da kallabi ya ɗan tsaya yana kallo, ya ce bai taɓa gani ba amma doka ba ta hana ba. Sai ga Luba a ƙarshen layi, tana ƙyalli a rana kamar ƙwaro. Ya ce wannan fa? Malama ta matsa ta yi masa Turanci mai tsawo, malamar Gusau ma ta sa baki. Ya saurara har suka gama. Ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma wasan nan da fari ake yinsa a duk duniya, shi ba zai zama na farkon da zai ɓata shi ba. In ta sami farare ta shigo.

Aka koma bayan aji ana neman dabara. Ige, ƙawarta, wadda ta fi sauran tsawo, ta ce ta ba da nata ita ta zauna. Luba ta gwada, wandon ya tsaya a tsakiyar ƙauri, rigar kuma ta ƙi barin hannu ya ɗaga sama, ga shuni ya riga ya bi mata wuya da damtse yana shafar duk abin da ta taɓa. Sai malamar Gusau ta aika aka kawo kaya daga ma'ajinsu, farin siket da riga mai guntun hannu, wankakku, an goge. Ta ce ga shi, wuni ɗaya ne kawai. Malama Shahida ba ta ce sa ba, ba ta ce kada ki sa ba. Luba ta karɓi siket ɗin ta kara a ƙugunta, ya tsaya sama da gwiwa. Ta leƙa filin, ta ga mazan da ke zaune a kan benci da waɗanda suka hau katanga. Ta daɗe tana riƙe da shi. Ni dai ina gefe ina addu'a ta sa, don ina son in ga an kashe 'yan Gusau, kuma na riga na yanke cewa Baba ba zai ji daga bakina ba. Ba ta ko dube ni ba. Ta ninke siket ɗin yadda aka kawo shi ta miƙa da hannu biyu ta ce, "Malama, in na sa wanga, hannun da zan yi jihwa da shi riƙon siket zai koma."

Haka muka wuni a gindin wata bishiyar mangwaro, ni da ita, ana wasa a gabanmu. Namu suka shiga da gurbin mutum ɗaya. Ige ce ta yi jifa a madadinta, 'yan Gusau suka yi ta dukan ƙwallo har cikin ciyawa. Luba ba ta yi magana da ni ba, amma bakinta bai huta ba, a hankali take cewa ki sa a gabanta, ki rage gudu, wagga tsoron ƙwallo take ji. Yatsunta biyu suna motsi a kan gwiwa. Da aka tsaya shan shayi, ashe da gaske ne ana tsayawa, na samu biskit, Malama ta kawo mata ƙwallo ta ce ta yi jifa a gefen fili ko don jami'in ya gani. Ta jefa kaɗan, ta tumɓuke sanda ɗaya daga ƙasa. Ya gani kuwa. Ya tako ya ce hannu ne mai kyau ƙwarai, baɗi ta zo da fararen kaya. Ya ɗauki ƙwallon ya ga shuni a jikinta, ya goge da hankici. Ya zaɓi waɗanda ya zaɓa, duk 'yan Gusau, muka kama hanyar tasha.

Baɗin ba ta zo ba. Kafin wata kakar kuɗin ƙasa ya lalace, malaman waje suka fara tattara kaya ɗaya bayan ɗaya, Malama Shahida da mijinta suna ciki. Ta bar sanda da ƙwallo a makaranta, aka kulle su a ma'aji har gara ta gama da su. Ranar wasa aka koma guntun siket, 'yan mata suka koma gindin darbejiya da ciwon ciki. Luba ta gama makarantarta, ta yi koyarwa a firamare a Zurmi shekaru masu yawa, ta yi aure ta hayayyafa. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare, na bi Baba kasuwa, yau ina jan keke napep na wani, ba abin da zan ce boko ya yi mini. Shuɗɗan kayan kuwa Luba ta sa su har suka koɗe, da su take zuwa gona, ta ce ba ta taɓa samun kayan aiki masu daɗinsu ba. Ba ta taɓa yi wa Kaka maganar ba. Kaka ta rayu har ta ga 'ya'yan Luba, kuma duk sanda aka tuna tafiyar Gusau sai ta ce, "Da ban kai su marina ba, da wa ya san abin da anka dawo da shi." Luba ta je ta dawo lafiya, tana nan da ranta. To ta ina za ka fara gaya wa tsohuwa ta yi kuskure?

Abin bai bar ni ba, ni da ba ni aka hana ba. Shekara da shekaru in na ɗauki fasinja mai kama da ɗan boko sai na tambaye shi dalilin da ya sa sai fari. Yawancinsu ba su ma san wasan ba. Bara ɗiyata ta biyu, da take karatu a kwalejin nan ta garinmu, ta gaji da tambayata ta nemo mini wasan a waya. Na zauna a cikin keke na kashe inji ina kallo. Mata ne, a fili mai ciyawa kamar darduma, jama'a cike da benaye suna ihu. 'Yan Pakistan cikin kore, 'yan Indiya cikin shuɗi. Shuɗi fa. Dogon wando, wasu da dogon hannu, na ga har da mai ɗan hijabi da ya kama kai ba ya zamewa, an ce yanzu kamfanoni ke ɗinka su musamman don masu wasa. Ba wanda ya tsayar da su a bakin fili. Na ce wa yarinyar ta ba ni aron wayar, na tafi gidan Luba, don ta dawo Kaura tun da hanyar Zurmi ta lalace. Na same ta tana tsince shinkafa, jikoki na hawa bayanta. Na miƙa mata. Ta nemo tabarau, ta riƙe wayar nesa da fuska, ta kalla har ya ƙare ta ce a mayar. Na jira ta yi maganar shuɗin. Ba ta yi ba. Ta nuna wata mai jifa da ɗan yatsa ta ce, "Wagga tana saurin sakin ƙwallo. Da ta ɗan jira."

Yau in ka shiga kasuwar Kaura za ka sami dogon wandon wasa na mata da hijabinsa a rataye, kala-kala, ba sai wata baƙuwa ta kwana bisa keken ɗinki ba. Filin ne babu. Makarantar da ƙananan 'ya'yana mata suke zuwa gidan haya ce, in an fita tara a baranda suke tsayawa. Gonar Banga ba ma kai yara korar tsuntsu, mu manya ma sai mun tambayi labarin hanya kafin mu fita, jirgin kuma na manta rabon da in ji kukansa. A lokacinmu akwai fili, akwai hannu, akwai mai koyarwa, riga ce kawai ta hana. Na kan zauna ina kallon 'yan mata suna wucewa da jakunkuna, ina duba masu dogon hannu, ina tunanin ko akwai irin Luba a ciki. Ko akwai ma, ba wanda zai sani, ita kanta ba za ta sani ba.